Lissafin Rabon Gado da Lambobin da Ba Su Rabuwa

A Azagor ta gundumar Dakoro, cikin jihar Maradi, inda manoma da makiyaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa, mafi yawan dukiyar da mamaci ke bari gona ce da dabbobi da damman hatsi, kuma ranar da aka zauna rabon gado ita ce ranar da ilimin lissafi ke nuna amfaninsa a fili. Mai kasuwa a Nijar ya riga ya saba da ninkin lamba, domin dala ɗaya tamma 5 ce, saboda haka duk kuɗin da aka ambata da dala ninkin 5 ne. Amma gado yana buƙatar zurfi fiye da haka.

Ana cewa wata lamba tana raba wata idan ta shiga cikinta ba tare da saura ba, kamar yadda 2 da 3 da 4 da 6 da 8 da 12 suke raba 24, ita kuwa 24 ninkinsu ce. Akwai kuma lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 17, waɗanda Iƙilidis na Iskandariyya ya tabbatar, kimanin shekara 300 kafin Miladiyya, cewa ba su da iyaka.

Kasonnin da Suratun Nisa'i ta yanka a ayoyi na 11 da 12 da 176 guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Domin a haɗa su a mas'ala ɗaya, malaman fara'ili, wato masana rabon gado, suna neman abin da suke kira asalin mas'ala, wanda shi ne ƙaramar lambar da dukan kasonnin za su fita daga cikinta ba gutsure. Sun kuma kasa dangantakar lambobi biyu gida huɗu: tamasuli idan daidai suke, tadahuli idan ƙaramar tana raba babbar kamar 4 da 8, tawafuƙi idan suna da mai raba su tare kamar 6 da 8, sai tabayuni idan babu abin da ya haɗa su sai 1, kamar 3 da 8. Wannan shi ne ainihin darasin da ɗalibin kwaleji yake koyo da Faransanci da sunan PPCM da PGCD, abin takaici kuwa shi ne ba kasafai ake gaya masa haka ba.

Idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, kuma tun da 8 da 6 sun yi tawafuƙi a kan 2, asalin mas'alar 24 ne: mata 3, uwa 4, saura 17. A nan gizo ke saƙa, domin 'ya'yan kaso 5 suke buƙata, kowane namiji 2 mace 1, alhali 17 ba ta rabuwa ga 5 ko ga wata lamba in ban da 1 da ita kanta, sai a ninka 24 sau 5 ta zama 120. Daga nan mata ta sami 15, uwa 20, kowane ɗa 34, 'yar kuma 17. Tun da ba a tsaga saniya, sai a kimanta garken da kuɗi a raba bisa waɗannan kasonni, wanda kuwa ya yi ƙiyasi da ido a wannan mataki, yawanci haƙƙin gwauruwa da marainiya yake tauyewa.

Lissafi ba baƙon ilimi ba ne ga Musulmi, har a ƙasar Hausa. Masanin lissafi Alhawarizmi ya keɓe babban sashe na littafinsa na aljabara, wajen shekarar 820, ga mas'alolin gado da wasiyya, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi kuma, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin jera lambobi a hatimi yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya.

Ya kamata malaman lakkwal da malaman zaure na Azagor da kewayenta su riƙa zama tare, su koyar da yara wannan babi da Hausa, da misalan awaki da gonakin da suka sani, musamman 'yan mata, domin kowace ta iya lissafa kasonta da kanta.