Ranar da Kawu ya rataye ganga

A Tajaye idan babba ya tare yaro a hanya ya ce "ɗan wa ne kai?", sunan uba ake faɗi. Ni kuwa tun ina ƙaramin ɗan lakwal sunan kawuna nake kawowa, har babana ya gaji da faɗa ya ƙyale ni. Kawu shi ne makaɗin ƴan kokawar yankinmu. Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ba ka ƙara ganinsa gida sai jefi-jefi. Yau suna Illela, gobe Badagishiri, wata shekara har Tawa, garin da aka fara kokawar takobin ƙasa a 1975. Shekara ashirin da wani abu ganga tana kafaɗarsa.

Abin da ya fi burge ni a sana'arsa shi ne take. Kowane ɗan kokawa yana da nasa, kuma Kawu ne ya ƙera masa shi. Kafin ka ga mutum ya shigo fili, ganga ta riga ta gaya maka ko wane ne. Mata na cikin gida suna daka, amma daga sauti kawai sai ka ji wata ta ce "wane ya faɗi". Ɗan kokawar da jikinsa ya mutu, da an buga takensa sai ka ga ya miƙe yana tsuma, layu na kaɗawa.

Shekarar da na ci jarrabawa na wuce lise a Ƙonni, a 2023, Kawu ya rataye ganga. Bai tara kowa ba, bai yi sanarwa ba. Kaka ta zo, samari suka je ɗaukarsa, ya ce su nemi wani. Suka koma da goro, ya karɓi goron ya yi godiya, ya sake cewa su nemi wani. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce rabon kuɗi ne ya haɗa shi da masu shirya wasa, wasu suka ce sammu aka yi masa, wasu kuma suka ce wa'azi ya ji ya tuba. A fadarmu, wajen shan shayi, abokaina suka samu abin tsokana: "Ina ɗan makaɗi? An ce ganga ta fashe." Na ji haushi ƙwarai, kuma ba su na ji wa haushin ba. Gani nake Kawu ya ci amanar gari, ya kuma tuɓe mini rigar da nake taƙama da ita. Na daina zuwa gaishe shi sai ranar salla. Innata ta lura, ta ce da ni: "Yayana na, ba naka ba. Kai mi an naka ciki?" Ban amsa ba, ban kuma canza ba.

A Ƙonni akwai wani shagon gem kusa da gidan da nake zaune. Kowa ya san irinsu: tele uku ko huɗu, benci, yara suna biyan dala ashirin suna buga ƙwallo, ihu kamar a filin gaske. Lokacin Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin watan Yuli, iyaka kuma a rufe, don haka kasuwar shagon ta yi sanyi. Mai shagon yakan ta da ɗan injinsa da dare, idan yara sun watse sai ya sa wani tsohon faifai da ya tsinta cikin kayan da ya taɓa sarowa. Final Fantasy VII ne, na 1997, faifai uku. Ba irin wasan da ake haya ba ne, don ba a gama shi a zama ɗaya. Labari ne dogo, kai ne jarumin, kana yawo gari-gari kana magana da mutane kana yaƙi, awa arba'in ko fiye. Rubutun da Faransanci yake, shi kuwa maigidan makarantar allo ya yi. Sai muka yi ciniki: ni in fassara masa, shi ya bar ni in buga ƙwallo kyauta ranar Lahadi.

Wata biyu muna wannan. A ƙarshen faifai na farko aka kashe wata yarinya mai sayar da furanni, Aeris. Wani kiɗa mai taushi ya tashi, kuma ko da yaƙi ya biyo baya nan take kiɗan bai sauya ba, haka ya ci gaba da tafiya a hankali muna dukan dodo. Maigida ya ajiye manet ya ce: "Kai, wanga kiɗi nata na. Tun farko in ta hito shi aka sawa." Gabana ya faɗi. Ashe take ne. Yarinyar tana da nata, mugun labarin, Sephiroth, yana da nasa. Wani mutum a can Japan yana yin sana'ar Kawu.

Daren nan na sayi megas na nemi sunansa a waya. Nobuo Uematsu, an haife shi a 1959 a Kochi. Bai yi makarantar kiɗa ba, da kansa ya koyi fiyano. Yana aiki a wani shagon hayar kaset a Tokyo aka ja shi kamfanin Square, wanda lokacin ƙaramin wuri ne. A 1987 shi da Hironobu Sakaguchi, mai tsara labarin, suka fitar da Final Fantasy na farko a kan na'urar Famicom, wadda muryoyin kiɗa uku kawai take iya fitarwa lokaci guda, sai ɗan ƙara mai kama da shashshaka. Da wannan ƙuncin ya yi waƙoƙin da yau manyan ƙungiyoyin makaɗa suke bugawa a zauruka a Turai da Amurka. Daga na ɗaya har na tara, wanda ya fito a 2000, shi kaɗai ya yi kiɗan. Shekara goma sha uku, wasa tara, na taran kaɗai ya haura kiɗa ɗari. A na goma, 2001, aka haɗa shi da wasu biyu, Masashi Hamauzu da Junya Nakano. A 2004 ya bar kamfanin ya buɗe nasa, Smile Please.

Ina ganin haka na gyara zama. Na ce to, bari in ga wa ya cuce shi. Na saba da labaran Kannywood, inda in mawaƙi ya bar ubangidansa sai an yi wata guda ana jifan juna da habaici. Na yi ta bincike ina neman rigima, ban samu irin wadda nake so ba.

Dalilin farko da ya bayar har dariya ya ba ni. Bayan Square ta haɗe da Enix a 2003, an kwashe ofis daga unguwar Meguro zuwa Shinjuku, shi kuma sabon wurin bai kwanta masa ba. A raina na ce wannan ai irin amsar dattawanmu ce, a tambayi mutum me ya hana shi zuwa biki ya ce hanya ba kyau. Amma da na tuna watannina na farko a Ƙonni, yadda ko karatu ba ya shiga kaina saboda ɗakin ba nawa ba ne, sai na rage dariyar. Ya kuma ce ya kai shekarun da ya kamata ya fara riƙe ragamar rayuwarsa da kansa.

Na biyu ya fi nauyi. Sakaguchi ya riga shi fita, bayan fim ɗin Final Fantasy na 2001 ya jawo wa kamfanin asara mai yawa. Shekaru bayan haka Uematsu ya faɗa a wata hira cewa al'amuran gidan sun rikice da tafiyar mutumin. Da Sakaguchi ya kafa Mistwalker a 2004, Uematsu ne ya yi masa kiɗan Blue Dragon a 2006, Lost Odyssey a 2007, The Last Story a 2011, har Fantasian a 2021. Wannan kam Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayani. Makaɗi mutum yake bi. Sunan gida yana nan, tambarin yana nan, amma wanda ake kaɗa wa ya tashi.

Na uku shi ne jiki. A 2018 ya dakatar da aiki na wasu watanni saboda gajiya ta kwantar da shi. A farkon 2024, daidai lokacin da muke faifai na uku, ya gaya wa jaridar Zeit ta Jamus cewa ba ya jin zai sake yin kiɗan wasa guda cikakke, don aikin yana cin shekara biyu zuwa uku, kuma ba shi da sauran ƙarfin jiki da na zuciya da zai ba shi. Ya fi son sauran lokacinsa ya tafi a abubuwan da yake ƙauna. Duk da haka bai yanke zumunci ba. Sabon Final Fantasy VII da aka sake ginawa, na 2020 da na 2024, shi ya yi wa kowanne babbar waƙarsa. Guda ɗaya, ya miƙa, ya koma gida.

Na ga yadda masoyan wasan suke rubutu a kansa, wasu na addu'a, wasu na cewa Final Fantasy ta mutu tun ranar da ya fita. Ban ga laifinsu sosai ba, don na san ciwon. Abin da ya dame ni shi ne, na kwana uku ina neman dalilan wani Bajapane da bai san da ni ba, na kuma karɓe su hannu biyu, alhali yayan mahaifiyata yana nan Tajaye ban taɓa tambayarsa nasa ba.

Da hutu ya zo na same shi a garka yana ban ruwan albasa. Na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, abin da ya ƙara mini kunya. Na karɓi bokiti na yi ta jan ruwa har sai da na samu bakin magana.

"Kawu, wai don Allah mi ya sa ka bari?"

Ya daɗe bai ce komi ba. Sannan ya ce kafaɗar ta daɗe tana yi masa ciwo, in ya kwana uku yana kiɗa sai ya yi sati bai ɗaga hannu ba. Ya ce yaran yanzu suna zuwa da manyan lasifika, ganga sai ta yi kururuwa kafin a ji ta. Ya ambaci abokinsa, ɗan kokawar da ya fara yi wa take suna samari, wanda ya tafi Abijan ci-rani bai dawo ba. Duk waɗannan na yi tsammaninsu. Sai ya ce:

"Amma ba su na ba, ɗana. Bara waccan wani yaro ya zaka, ƙarfi gare shi, ya ce in yi mai take. Na yi mai. Muna cikin fili ina bugawa, sai ni ji ashe taken abokin nan nawa na, na ɗan karkata shi kawai. Babu wanda ya gane. Yaron na ta murna. Ni kau na gane."

Ya ce daren nan bai yi barci ba. Yaro ya zo neman nasa, an ba shi kwancen wani, kuma ya biya. Ya ce in ya ci gaba, haka zai yi ta yi, yana yanka tsofaffin riguna yana ɗinka wa yara, suna godiya.

Na so in ce masa ai ba komi, wa zai sani. Na so kuma in ba shi haƙuri kan shekarar da na yi ina gaba da shi, amma a gidanmu ba a saba irin wannan maganar tsakanin yaro da kawunsa ba, kuma na san zai ce bai ma lura ba. Sai na ciro waya na ce akwai wani makaɗi da nake so ya ji. Na sa masa kiɗan Aeris. Ya karɓi wayar ya kara a kunne, ruwa na bin kwali yana shiga fangali. Bai motsa ba har ya ƙare.

"Wanga ba taken kokawa ba na," in ji shi. "Wa ya rasu?"

Na ba shi labarin yarinyar a gajarce, da na mutumin da ya yi kiɗan, da yadda shi ma ya ce ya gaji. Ya tambayi shekarunsa, na ce an haife shi 1959. Ya ƙirga da yatsu ya ce ashe ya girme shi da kaɗan. Ya ce in sake sa masa daga farko, in kuma je in toshe fangalin can na ƙarshe kafin ruwa ya ɓalle.