Kimiyya a bakin murhu da bakin gona

Yaron da ke aji uku a firamare yana da tambayar da ta fi ƙarfin babba, kuma amsar da ya fi samu a gidajenmu ita ce: "Kai, ka cika surutu." Na riƙe alli tun zamanin shirin ilimi kyauta na UPE da aka fara a 1976, muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, har na ajiye aiki. A cikin ɗaliban da suka bi ta hannuna, waɗanda suka yi nisa a kimiyya ba lallai 'ya'yan 'yan boko ba ne. Galibinsu sun fito daga gidajen da ake barin yaro ya tsuguna kusa da mai aiki, ya taɓa, ya tambaya, ba a daka masa tsawa ba.

A da, wannan magana ta ƙarin alheri ce kawai. Yanzu ta zama dole. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, har aka dawo da 344 bayan kwana shida, karatu a wannan yanki bai koma daidai ba. An rufe makarantun kwana a lokacin. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa iyalai sun yi ta ƙaura, yaro ya yi zango ɗaya a nan, ya rasa biyu a can. Masu cewa a ba yaro waya ya koya a intanet sun manta cewa a 2021 layin wayar ma yanke shi aka yi a ƙananan hukumomin nan uku da maƙwabtansu. Abin da ke bin yaro duk inda aka koma shi ne uwarsa da ubansa da tukunyar gidansu.

To, bari mu fara da tukunyar. A dafa zoɓo, a tsinka shi da ruwa har ya yi haske, a raba shi kofin gilashi uku. A matsa lemon tsami a na farko, jansa zai ƙara fitowa. A ɗiga jiƙon kanwa a na biyu, sai ya yi duhu, ya koma wani irin kore mai baƙi-baƙi. Na uku kuwa kada a sa masa komai. Wannan kofi na uku shi ne malamin, domin in babu shi, da me yaron zai gwada ya san launi ya sauya? Nan da nan zai so ya gwada tsamiya, da ruwan toka, da sabulu, da nono. A bar shi, amma kafin kowane gwaji a tambaye shi: "Me kake jin zai faru?" In ya faɗa, sannan ya zuba. Kafin la'asar ya raba kayan ɗakin girki gida biyu, dangin tsami da dangin kanwa. Sunayensu na littafi zai same su a aji, kuma ranar da ya ji su ba za su zame masa baƙi ba.

Iyaye mata sukan ce mini: "Malam, ni da ban yi boko ba, me zan koya masa?" Wadda ta san cewa madara ba ta zama nono sai an ɗiga mata tsohon nono an ajiye a wuri mai ɗumi, ai da ƙananan halittun da ido ba ya gani take aiki, haka ma mai rufe ƙalwa kwanaki har ta zama daddawa. Kuma ita ce mai randa. Ruwan randa yana sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Yaro zai tabbatar da haka da kwalabe biyu na ruwa a inuwa, ɗaya an naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya haka nan. Ya yi da bazara, ya sake yi cikin marka, ya ga lokacin da bambancin ya fi yawa. A kan wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka daina saurin lalacewa, har ya ci kyautar Rolex a 2000.

Uba kuma gonarsa ta ishe shi. Mu nan ƙasar masara ce da dawa da auduga, kowa ya san gonar da aka yi gyaɗa ko waken suya bara takan yi wa masara kyau bana. A tumɓuke gyaɗa guda, a nuna wa yaro 'yan ƙullutun da ke jikin saiwarta, ya fasa ɗaya da farce ya ga cikinsa ja-ja. A nan ne wasu ƙananan halittu ke kama sinadarin iska su mayar da shi abincin shuka, sinadarin nan da muke saya da tsada a buhun yuriya. In an kai kaka, a cika kwalabe biyu taf da wake mai ƙwari, a toshe ɗaya sosai, a ɗaure bakin ɗayar da ƙyalle. Bayan 'yan makonni ƙwarin kwalbar da aka toshe sun mutu, numfashi ya ƙare musu. Sirrin buhun ajiyar wake mai ninki uku ke nan, ba magani a cikinsa. Masu fitar da irin masara a cibiyar bincike ta Samaru haka suke aiki: su sauya abu ɗaya, su bar sauran, su jira, su rubuta. Gonarsu ce kawai ta fi girma.

Inda na fi ganin ana cutar yaro shi ne wajen amsa. Babba yana jin kunyar cewa bai sani ba, sai ya cika bakin yaro da aljanu. Aljanu dai akwai su, amma ba su ke sa bulbula a ƙullin waina ba. Faɗin "ban sani ba, zo mu gwada" bai taɓa zubar da girman kowa ba. Haka zancen husufi. Da hantsin 29 ga Maris 2006, rana ta lulluɓe a Gusau da Katsina, kuma masana sun riga sun faɗi ranar da sa'ar. Addini ya koya mana cewa husufi aya ce, ba don mutuwar wani ko haihuwarsa yake faruwa ba, a yi salla. Bayan sallar, tocila da kabewa da goruba a ɗaki mai duhu sun isa su nuna wa yaro yadda wata ke shiga tsakani ya tare hasken. A dai ja masa kunne kada ya kalli rana da ido tsirara.

Kada kuma a ce wannan wasan maza ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yarinyar da ta saba tambayar abin da ke cikin ƙura da ruwa, ita ce gobe za ta hana a shigo da irin wannan dutse gidanta. Ita ce kuma za ta auna ruwan gishiri da sukari daidai in gudawa ta kama ƙaninta: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba a kimanta da ido.

Abu guda nake so a saya, littafin rubutu na daban. Yaro ya rubuta abin da ya zata da abin da ya gani, da Hausa, boko ko ajami, ko ya zana in rubutun bai nuna ba. In damina ta faɗi, a kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da indararo da bishiya, duk safiyar da aka kwana da ruwa ya tsoma tsinke ya auna da rula, ya rubuta kwanan wata, ya zubar. Zuwa Oktoba yana da lissafin ruwan garinsu na shekara. Ranar da aka koma makaranta a ba shi littafin ya kai wa malaminsa, su gwada da na ɗan ajinsu da ya yi daminar a wani gari.