Haƙarƙari mai laushi ba ya buƙatar ƙwayar magani

Yau hirar tamu da ke ce uwargida, da kai maigida, musamman idan a gidanku za a taru, ko suna ne, ko walima, ko 'yan uwa ne suka zo hutun ƙarshen shekara. An yanka rago, an ware haƙarƙari don gashi, kuma fargabar mai gida ɗaya ce: kada a kai wa surukai naman da za su yi ta kokawa da shi kamar ganda.

Wannan fargabar ce ke sa wasu jefa ƙwayoyin farasitamol a tukunya, wai don nama ya yi saurin laushi. A kantin maganin da nake aiki a nan Laranto, wata baiwar Allah ta taɓa neman kati biyu. Da na tambaye ta wa ba shi da lafiya, sai ta ce kowa lafiya lau, naman biki za ta ɗora. Ba da mugun nufi ba ne, ta ji ne a bakin wata, kuma tana son rage cin gawayi.

Ga abin da na gaya mata. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, kuma babban mutum mai lafiya ba ya wuce ƙwaya 8 a yini. Idan aka zuba 10 ko 20 a tukunya, maganin ba ya ɓacewa, yana nan cikin romo, kuma babu mai iya auna abin da ya shiga cikin kowa. A cikin masu cin akwai yaro ɗan shekara uku, akwai mai ciwon hanta, akwai wanda tun safe ya sha maganin mura mai ɗauke da farasitamol ɗin. Ƙari a kan haka, doguwar dahuwa na iya farfasa maganin ya koma wani sinadari mai illa ga ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin jama'a kan wannan ɗabi'a.

To me ke sa nama laushi? Haƙarƙari cike yake da jijiya da tantani, waɗanda ba sa narkewa sai sun daɗe a kan wuta marar ƙarfi tare da ɗan danshi. Wuta mai ƙarfi ƙone baya take yi, ciki kuma ya ƙara tauri. Mu a Jos muna da ƙarin dalilin haƙuri. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka ruwa kan tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Shi ya sa girkin da 'yar uwarki ta Legas ke gamawa da wuri, ke sai kin ƙara masa lokaci. Ba laifin ragon ba ne.

Ga yadda nake yi da haƙarƙari kilo biyu. Da farko ki juya shi, ki sa bakin wuƙa ki ɗaga farin tantanin da ke manne da ƙashi, ki ja shi ya fita. Ki daka ɗanyar citta, tafarnuwa, albasa, masoro da kanumfari kaɗan, ki haɗa da man gyaɗa cokali uku da ɗan gishiri, ki shafe naman ciki da baya. Idan akwai wuta, ya kwana a firji. Idan babu, awa ɗaya a rufe ta isa, kada ya kwana a waje.

Idan tsohon rago ne ko na sa, ki kankare ɗanyar gwanda cokali biyu ki haɗa. Gwanda da abarba da citta duk suna da sinadarin da ke sassauta nama. Sai dai abarba ta gwangwani ba ta aiki, domin zafin da aka yi mata ya kashe sinadarin. Gwandar kuma kada ta wuce awa biyu a jikin naman, in ba haka ba zai dagargaje.

Daga nan ki sa shi a tukunya mai kauri da ruwa kofi ɗaya, ki rufe sosai, ki rage wuta, ya yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kina leƙawa kina ƙara ruwa idan ya tsotse. Alamar ya yi ita ce naman ya ja baya daga bakin ƙashi, kuma idan kin murɗa ƙashin ya juya. Sai a kai shi kan gawayin da ya riga ya yi ja, minti 10 zuwa 15, ana juyawa ana shafa masa romon da ya rage. Maƙwabtanmu masu gasa na alade ma hanyar ke nan, kuma su tabbatar ya dahu har ƙashi saboda tsutsar ciki.

Maigida, wutar taka ce. Na san guntayen katako ba su da wuyar samu a kusa da Kasuwar Katako, amma duk wanda aka yi wa fenti ko maganin gara bai dace da gashi ba, hayaƙinsa a kan naman yake sauka. Haka nan kada a hura wutar da leda ko roba. Inda ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, a yanke a yar.

Yaji kuma a ajiye shi gefe kowa ya ɗiba da hannunsa. Akwai gishiri da ƙuli-ƙuli a ciki, ga masu hawan jini a taron, ga kuma wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Abin da ya rage bayan an ci kada ya wuce awa biyu a buɗe. A sa shi a firji, ko a raba wa maƙwabta tun yana da ɗumi.

Saboda haka idan baƙi za su ci da ƙarfe biyu, a ɗora tukunya tun ƙarfe goma sha ɗaya. Sai mun haɗu mako mai zuwa, a ci lafiya.