Ranar Da Na Fara Buɗe Amyata



Kwana 23 na yi ina zuwa gona safe da yamma, alhali rani ne, babu shuka babu girbi. Abin da ke kai ni wani akwatin katako ne da na girke a ƙarƙashin ɗorawa, kuma kuɗin adashin Inna ne a jikinsa. Ita ta kwasa ta miƙa mini, bayan na shekara biyu da karɓar difloma ina yawo da takardu ofis-ofis. Da kuɗin na sa kafinta ya ƙera mini amya irin ta zamani mai sanduna 27 jere a samanta, na sayi riga mai raga da safar hannu da gwangwanin hayaƙi. Na narka kaki na shafa a tsakiyar kowace sanda, na tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa. Wata biyu amyar tana fanko. Sai a farkon Fabrairu, da mangwaro da kaɗanya suka cika da fure, wani taron ƙudan zuma ya sauka ya shige.

Da na gaya wa Kawu zan buɗe in duba, dariya ya yi. Shi tun yana saurayi yake rataya amyar ciyawa a bisa itace, ba ya kusantar ta sai daren da zai sha.

"Kai ɗan nan, wa ya taɓa buɗe wa zuma ɗaki don kawai ya gaishe ta? Zumarmu ba ta son takura. Ka dame ta, ta tashi ta bar maka akwatinka."

Gaskiya ya faɗa, ƙudan zuman ƙasarmu suna da saurin fushi da saurin ƙaura. Amma amyar sanduna an yi ta ne don a riƙa dubawa. Faɗin kowace sanda santimita 3.2 ne, daidai tazarar da suke bari tsakanin saƙa da saƙa. Idan suka fara gini a karkace, suka haɗa sanda biyu ko uku da saƙa ɗaya, ba a gyara da wuri ba, nan gaba ba a iya ɗaga ko ɗaya sai an yi ɓarna. Na yi masa wannan bayani, ya girgiza kai, amma ya lulluɓe kansa da tsohon gidan sauro ya biyo ni.

Bayan la'asar muka isa, rana ta yi sanyi. Na kunna totuwar masara da busasshiyar kashin shanu a gwangwani, na busa hayaƙi sau uku a ƙofar amyar, muka dakata kaɗan. Hayaƙi yana sa su duƙufa kan shan zuma, yana kuma rufe warin da suke kiran juna da shi idan an taɓa su. Na zagaya ta baya ina ƙwanƙwasa sanduna da wuƙa. Inda ya yi ƙarar fanko, babu gini. Daga nan na fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, har na kai inda suke.

Saƙa shida suka gina, duk a miƙe. Ta farko fara ce sol, ruwan zuma na ƙyalli a ramukanta, ba a ma rufe su ba. A ta uku na ga abin da na zo nema. Tsakiyarta ramuka ne masu murfi ruwan ƙasa, kewaye da su tsutsotsi farare a naɗe kamar jinjirin wata, can gefe kuma ƙwai, siriri, ɗaya a ƙasan kowane rami, sai ka ƙura ido kake ganinsa. Ƙwan zuma kwana uku yake yi ya ƙyanƙyashe. Wato ko ban ga sarauniya ba, na tabbata cikin kwana ukun nan tana raye tana aiki.

Da a nan na mayar da sandar na rufe, da shi ke nan. Amma sai zuciya ta ce in ɗauki hoto in nuna wa abokai. Na cire safar hannun dama, na laluba aljihu, na riƙe sandar da hagu. Kafin in buɗe wayar, ɗaya ta harbe ni a bayan hannu. Na zabura, sandar ta kwanta kamar faranti. Sabuwar saƙa taushi gare ta, ba abin da ke riƙe da ita sai bakin da ta manne da sanda, shi ya sa ake riƙe ta a tsaye kullum. Ina ji ina gani ta ɓalle ta faɗa cikin amyar da 'ya'yan da ke jikinta.

Kukan amyar ya sauya nan take, ya koma kamar injin niƙa. Na ji wani wari kamar na nunanniyar ayaba daga hannuna, wasu uku suka sake sauka daidai inda ta farko ta harba. Na juya zan gudu.

"Tsaya nan!" in ji Kawu. "Ka tsaga musu ɗaki, kuma ka bar shi a buɗe?"

Ya busa mini hayaƙi a hannun, ya kankare ƙarin da gefen wuƙa, ya ce in mayar da safa. Sannan ya zaro kaba daga aljihunsa ya tsaga sili-sili. Ya sa hannu ya tallabo saƙar a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ni na riƙe sanda, ya ɗaure ta a wuri biyu. Mutumin da bai taɓa taɓa amyar katako ba, shi ya gyara ɓarnar mai difloma. Muka jera sanduna, muka rufe, ana kiran magariba.

Daren nan ban yi barci ba. Ba zafin harbi ya hana ni ba. Tunanina, idan sarauniya tana jikin saƙar da ta faɗi fa? Idan na murƙushe ta? Idan da safe na tarar sun tashi? Inna ta ga hannuna ya kumbura kamar alkubus, ta dube ni.

"Sun gudu ne?"

"Ba su gudu ba tukuna, Inna."

"To, ci tuwonka."

Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma shirun nata ya fi mini harbin ciwo.

Kawu ya hana ni sake buɗewa. Ya ce in zauna daga gefe in karanci ƙofa. Kwana biyu suna fitowa da matattun tsutsotsi suna yarwa. A rana ta huɗu na ga suna dawowa da garin fure rawaya dunƙule a ƙafafunsu na baya, abincin da suke renon 'ya'ya da shi. Mai shirin tashi ba ya tara abincin yara. A ta takwas na tsinci guntayen kaba a ƙasa, sun gutsure sun fitar.

Sai da aka cika kwana 14 na sake buɗewa. Wayar a gida na bar ta. Sun liƙe saƙar da sandarta da sabon kaki, sai ɗan tabo a inda ta karye. A saƙa ta huɗu na ga sababbin ƙwai, kuma sun ƙara gina biyu. Na duba abu uku kawai: ƙwai, abinci, da miƙewar gini. Minti goma bai cika ba na rufe.

Har yau ban ga sarauniyar da idona ba, ban kuma ɗanɗana ko cokali ɗaya na zumar ba, don taron da bai yi ƙarfi ba ba a taɓa masa abinci. Kuɗin Inna yana nan a wuyana. Jiya da zan fita ta tambaye ni ko baƙin nawa suna nan, na ce suna nan, saƙa ta kai tara. Ta ce in na tashi sha, kwalbar farko ta Kawu ce.