Kashi ashirin na wane kuɗi?

Shekarar da na fara koyar da yaran unguwarmu lissafi da yamma, masu shirin jarrabawar JAMB, tambaya ɗaya ta kayar da kusan duk ajin. An ƙara kuɗin kaya da kashi 20 cikin 100, daga baya aka rage kashi 20 cikin 100, ina farashi ya tsaya? Bakinsu ya zo ɗaya, wai ya koma inda yake. Ban yi musu faɗa ba, don ni ma amsar da na taɓa bayarwa ke nan a wata jarrabawar neman aiki, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Kawuna ne ya warware mini ita, mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Da na karanta masa tambayar sai ya ce, "Ɗana, mu ɗauka buhu naira dubu 100 ne. Bazara ta yi, ya hau da kashi 20. Nawa ke nan?"

Na ce, "Dubu 120, Kawu."

"To kaka ta zo, ya sauka da kashi 20. A jikin wane kuɗi za ka cire, na da ko na yanzu?"

Nan na yi shiru. Kashi 20 na dubu 120 dubu 24 ne, buhu ya dawo dubu 96. Ya ce irin wannan dubu huɗun ce ke cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa bai san ta inda ta bi ba.

Tun daga ranar nake sa ɗalibi ya fara da 100 ya bi canjin ɗaya bayan ɗaya, kowane kaso a jikin sabon adadi. Ragin kashi 10 da aka bi shi da ragin kashi 20: 100 ya zama 90, 90 ya zama 72, ragi ya kama kashi 28, ba 30 ba. Abin da ya faɗi da rabi kuwa, sai ya ninka kansa kafin ya koma mazauninsa. Wannan ta ƙarshen ita ce ke sa yara zare ido, kuma ina son ganin lokacin da ta shige su.

Sai dai lokaci ba ya jira a ɗakin jarrabawa. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a gaban kwamfuta, kowace ta tashi daƙiƙa 40. Don haka idan hannu ya faɗa, sai mu koma gajeriyar hanya: ƙarin kashi 20 shi ne sau 1.2, ragin kashi 20 sau 0.8, a yi 1.2 sau 0.8 a sami 0.96. A nan ne yaro zai gane da kansa cewa ko ragin aka fara yi kafin ƙarin, amsar ba ta canzawa. Ba na yarda a haddace wannan tun farko. Na ga masu haddar da suka rikice da zarar canjin ya zama uku, alhali wanda ya saba da ɗarinsa in an ce ƙarin kashi 10 sau uku, yana tafiya 110, 121, 133.1 hankali kwance.

Akwai wata yarinya a ajin, mahaifiyarta na sayar da atamfa a gida. Bayan mako guda ta zo ta ce, "Malam, Umma tana ɗora kashi 25 a kan turmi, in an yi ciniki ta rage kashi 25, tana cewa ta mayar da uwar kuɗinta." Muka lissafa tare a allo: 100, 125, 93.75. Na nuna mata cewa kashi 20 kawai za a rage a dawo kan 100. Ta kwafe lissafin a bayan littafinta, ta nemi izinin tafiya gida kafin a tashi.