Kafin Sitika Ta Hau Mota: Yini Guda a Wani Shago a Fagge

Ƙarar inji ce ta fara tarbata tun daga bakin ƙofa, wani cir-cir kamar na keken ɗinkin da ya sha mai. Shagon yana wani lungu ne a Fagge, Kano, ɗaki ɗaya da rumfar kwano. Jikin bango an jingine naɗe-naɗen leda mai gam, ja da rawaya da shuɗi da ruwan zinare, sai ka ce kantin atamfa a Kwari. Tsakar ɗaki kuwa wani dogon teburi mai gilashi ya cinye, kuma kafin azahar na gane shi ne ainihin shagon. Injin da kwamfutar 'yan rakiya ne.

Aikin ranar na wata farar Hiace ce ta gidan burodi, tana waje tana jira. Tambarinsu kala uku ne: rawayan da'ira, jan suna a kanta, baƙin layi ya kewaye haruffan. Na ɗauka injin zai fito da shi gaba ɗaya, kamar yadda ake buga fastar 'yan siyasa. Maigidan shagon ya yi murmushi, ya ce wannan injin bai san kala ba, wuƙa kawai yake ja. Kowace kala da ledarta, kowace leda da yankanta, sai daga baya hannu ya haɗa su.

Don haka daga kwamfuta ake farawa. A manhajar CorelDRAW ya raba zanen gida uku, sannan a saman kowane kashi ya saka wasu 'yan murabba'ai biyu, a wuri ɗaya cif. Ba sa cikin tambarin, mai burodi bai biya kuɗinsu ba, a kwandon shara za su ƙare. Amma da su ake gane inda kowace kala za ta zauna a kan 'yar'uwarta. Ya kuma ɗan faɗaɗa jan, ya shige ƙarƙashin baƙin layin da kimanin milimita 1, domin leda tana tsukewa idan ta sha rana, in kuwa baki da baki aka haɗa su, wata rana rata za ta buɗe a tsakani.

Zancen tsukewar nan ne ya kai mu ga irin leda. Mai sauƙin kuɗi, irin su Oracal 651 ta kamfanin Orafol na Jamus, murza ta ake yi tsakanin manyan rodi masu zafi har ta yi siriri, shi ya sa kullum take neman komawa yadda take. Mai tsada, kamar 751 ko ire-irenta na 3M da Avery Dennison, zuba ta ake yi tana ruwa a busar, ba a ja ta ba balle ta ja da baya, ita ce ke bin lanƙwasar bodi da kan ƙusoshi. Shekarun da Orafol ke rubutawa cewa ledarsa za ta yi, da yanayin tsakiyar Turai aka auna su. Ranar Afrilu a Kano ba ta san wannan alkawari ba. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar sitika da baƙin zare kewaye da ita, gam ne da leda ta janye ta bari, ƙura ta maƙale.

Yankan bai ɗauki lokaci ba. Ya gwada wuƙar a gefe, ya tabbatar ta ratsa ledar ba ta huda takardar da ke ƙasanta ba, ya sake ta.

Daga nan sai tsinta, aikin yaran shago. Da tsinin reza suke ɗaga duk ledar da ba a so, su bar haruffa kwance a kan takarda. A nan ƙananan abubuwa ke ɓata: ɗigon harafin i, cikin harafin a, ɗige-ɗigen rubutun Larabci idan direba ya ce a sa masa Masha Allah a gilashin baya. Na tambayi batun ƙ da ɗ da ɓ, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yawancin salon haruffan ado da ke kwamfuta ba su da lanƙwasar Hausa, sai mai zane ya ƙara ta da hannu, da yawa kuma ba sa yi. Shi ya sa "ƙarfi" ke yawo a titi babu ƙugiyarsa. Wannan maigida dai yana sawa, in an tuna masa.

Haɗawar ce ta sa shagon ya yi tsit. Aka kashe fanka, aka turo ƙofa saboda ƙura, don ƙwaya ɗaya ta yashi in ta shiga tsakanin leda biyu, ƙurji za ta zama har ranar da za a ɓare sitikar. Ya shimfiɗa wani faffaɗan tef garai-garai a kan baƙin layin, ya murje shi da 'yar roba mai faɗi, ya ɗago, baƙin ya biyo tef ɗin ya bar takardarsa. Ya riƙe shi a sama da jan, bai bari sun taɓa ba. Yaro ɗaya ya kama gefe. Idonsa ba ya kan haruffan sam, yana kan murabba'an nan biyu. Da suka hau kan na ƙasa sai ya danne su da yatsa, ya riƙa sauke sauran a hankali daga sama zuwa ƙasa, robar na biye tana korar iska. Ya ɗago biyun tare, ya sake yin haka a kan rawayan. Gam ɗin nan in ya kama, ya kama, kuskuren kaurin farce sai an sake yanka. Ya ce ƙananan tambura ne kawai yake haɗawa a teburi. Babban na gefen mota kala-kala yake ɗora shi a jikinta, domin leda uku a haɗe suna riƙe iska a gefen kowace gaɓa.

Ana cikin haka wani ɗan adaidaita sahu ya leƙo neman sunan ƙungiyar ƙwallonsa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, kekunan nan suka cika gari, kuma kusan kowanne da abin da mai shi ke son faɗa wa na bayansa. Dā aikin masu burushi da fenti ne, waɗanda suka ƙawata manyan motocin katako da zakuna da dawisu. Ni har yanzu hannunsu ya fi burge ni, sai dai burushi ba ya fitar da tambari iri ɗaya sak a motoci goma.

Ba a taɓa Hiace ɗin ba sai bayan la'asar, da bodinta ya huce, don kwano mai zafi yana cafke gam tun ba a gama saiti ba, ledar kuma ta yi laushi ta miƙe. Aka wanke ƙofar da sabulu, aka goge da sifirit. Ya auna daga layin bodi, bai auna daga ƙasa ba, tunda motar a karkace take tsaye. Ya kafe saman tambarin da tef, ya zare takardar baya, ya murje, ya janye tef ɗin a kwance. Murabba'an biyu suka rage a saman ƙofa. Ya ɓare su da farce, ya manna wa yaron ɗaya a goshi, ya kira direba ya juyo masa ɗaya gefen.