Gure, ƙofar hanyar Gabas

Garin Gure yana ƙasar Muniyo, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. A zamanin da, maniyyata sukan bi ta nan zuwa Makka, wasu a ƙasa, wasu bisa raƙumi ko jaki.

Daga Gure sai Gigimi, wanda a lokacin yake bakin tafkin Cadi. Daga can sai Abeshe, sai Fashir cikin ƙasar Sudan, har Sawakin, bakin Bahar Maliya. Nan ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, don sai mutum ya tsaya ya yi ƙwadago ya sami guzuri. Bayan 1925, da yawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira. Wasu sun zauna can har abada, kamar mutanen garin Mai Wurno.

Yau jikoki suna neman labarin kakanninsu. Amma takardar jirgi ba ta ɗauki sunan kowa da kowa ba. Zamanin Turawa, mai shiga babban jirgi sai da takardar izini. Marasa hali kuwa sukan ƙetare a ɓoye cikin ƙananan jirage, ba wanda ya rubuta sunansu.

Saboda haka babbar takarda ita ce bakin tsofaffi. Wanda ya koyi karatu da rubutu, ya zauna da dattijan gidansu tun suna da rai. Ya rubuta sunan wanda ya tafi, da na mahaifinsa, da garinsu, da sarkin da ke mulki lokacin. Da wannan ne ake gane dangi.